Darasi na Shida: Tace Labarin Kasuwa Daga Waya Kafin a Taɓa Kuɗin Akwati

Lokaci: awa ɗaya da rabi

Kayan aiki: sabon littafin rubutu, biro, waya ɗaya mai WhatsApp, kwanon awo

Manufa: A ƙarshen darasin kowace mamba ta iya bambance labarin farashi mai amfani da wanda ba shi da shi, ƙungiya ta zaɓi majiyoyinta uku, kuma ta buɗe littafin farashi.

Gabatarwa

Iyayena da yayyena, a darasin da ya gabata mun ga yadda ake karɓar rance daga akwati da yadda ake mayarwa. Yau za mu koma baya kaɗan, zuwa abin da ake yi kafin a karɓi kuɗin: sanin me za a saya, a nawa, kuma wa zai saya a hannunmu. Wannan shi ake kira binciken kasuwa. Ba baƙon abu ba ne a wurinku. Dillaliyar da ke shiga gida-gida ta san gidan da ake shirin biki da gidan da ake neman man gyaɗa, bincike take yi. Yaron da kika aika ya tambayo kuɗin kwanon gero a rumfa biyu kafin ya auno, shi ma bincike ya yi.

Abin da ya canza shi ne waya. A da kukanmu rashin labari. Yanzu kuwa ko mace ba ta fita, a wayarta ko ta maigida ko ta ɗanta akwai guruf na 'yan hatsi, guruf na dangi, guruf na Islamiyya, ga Facebook ga TikTok, kowa na faɗin farashi. Wannan ya ce wake ya tashi, wancan ya ce ya faɗi warwas, wani ya ce a saya yau gobe babu. A ƙungiyoyin da nake zagayawa na ga abu uku da yawan labarin nan ke haifarwa. Wata ta ruɗe ta kasa sayen komai har kaka ta wuce. Wata ta yi gaggawa ta saya da tsada saboda tsoro. Wata kuma data ta cinye ribar ƙuli-ƙulinta, ba ta ƙaru da komai ba. Kuɗin da ake wasa da su ɗin nan kuwa na mata ashirin ne ko fiye, kowacce da guminta a ciki.

1. Me ya sa labarin ya yi mana yawa?

Dalili na farko, inda Allah ya ajiye mu. Kasuwar Dawanau, a kan hanyar Katsina cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, an kafa ta a 1985, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Ana zuwa sari daga kudancin ƙasar nan, daga Nijar, Chadi da Kamaru. Riɗin da ake tankaɗewa a nan yana tafiya har Sin da Japan da Turkiyya, zoɓo kuwa Mekziko ce babbar mai sayensa. To kasuwa irin wannan kowa na magana a kanta, amma ba da mu ake yawancin maganar ba. Mai faɗin farashin riɗi a kan tan, da mai cika tirela yake magana, kuma lissafinsa yana bin dala. Ke da za ki sayi buhu biyu na gyaɗa ki yi ƙuli, wannan labarin ba naki ba ne, ko da gaskiya ne.

Dalili na biyu, yadda aka gina manhajojin. Facebook da TikTok da talla suke samun kuɗi, don haka burinsu ki daɗe kina kallo. Bidiyon da kika tsaya a kansa, irinsa za a yi ta turo miki. In kika kalli biyu masu cewa masara za ta yi tsada, kafin la'asar za ki ga goma, sai ki ɗauka duk duniya ta yarda. Alhali abin da kika nuna kina so ne aka ƙara miki. Ga shi tun 2024 Facebook ya fara biyan masu ɗora bidiyo a Najeriya gwargwadon masu kallo, kuma labarin tashin hankali ya fi jan kallo a kan labarin da ya ce farashi yana nan yadda yake jiya.

Dalili na uku, mai magana yana da buƙata. Wanda sitonsa ke cike yana so a ji cewa kaya za su tashi. Wanda ke neman saye yana so a ji cewa sun faɗi. Ba lallai ƙarya suke yi ba, kowa dai gefen da ya yi masa daɗi yake nunawa.

Manya a cikinmu sun tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane cikin dare ta waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Kowa daga wanda ya yarda da shi ya ji, amma maganar ba ta da tushe. Labarin farashi ma haka yake yawo.

2. A fara da tambaya

Macen da ta shiga Dawanau ba ta san abin da ta je saye ba, za ta yini tana zagaye ta dawo da ciwon ƙafa. Haka waya take. Kafin a buɗe ta, ƙungiya ta rubuta tambaya ɗaya, mai kaya ɗaya, mai lokaci. Misali:

"Mu sayi buhu biyar na wake a wannan makon, ko mu jira mako biyu?"

"In muka ƙara awara a kan abin da muke yi, su wa za su saya a unguwar nan, kuma nawa?"

Da zarar an rubuta tambayar, duk labarin da bai taimaka wajen amsa ta ba a wuce shi. Tambayarmu a kan wake ce? To farashin citta, rigimar 'yan fim da tallan atamfa su jira. Taura biyu ba ta taunuwa. Ina ba da shawara kada ƙungiya ta bi farashin kaya fiye da uku a zango ɗaya, su ma waɗanda mambobi ke sana'a da su.

3. Majiya uku sun isa

Maimakon guruf goma, a zaɓi majiya uku da ba daga bakin juna suke ɗauka ba.

Ta farko, ido a cikin kasuwa. Mutum ɗaya da muka sani da suna da rumfa, wanda in ya faɗi abin da ba haka ba za mu iya samunsa gobe. Zai iya zama miji, ɗa, ƙane, ko mai awon da muka saba da shi. Kada mu manta da mambobinmu masu zuwa tsintar zoɓo da riɗi a sito-sito. Su ke fara ganin ranar da kaya suka yi yawa da ranar da aiki ya ja baya, kuma wannan labari ne da ba ya kan Facebook.

Ta biyu, kasuwar ƙauye. Dawanau kullum tana ci, kuma kayanta daga wasu kasuwannin ake kawowa. Idan muna da wanda ke zuwa Ɗambatta ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, abin da aka sayar a can yana nuna mana inda farashi ya dosa.

Ta uku, majiya ɗaya ta nesa. Nan ne waya ke shigowa: guruf ɗaya ko shafi ɗaya da muka gwada muka ga maganarsa na dacewa da ta kasuwa, ko shirin kasuwanci na gidan rediyo irin su Freedom ko Rediyon Kano. Yadda ake gwaji ba wuya. Mako uku a jere a rubuta abin da shafin ya faɗa, a kwatanta da abin da idonmu na kasuwa ya gani a ranar. In sun yi kusa, a riƙe shi. In kullum da tazara, a sallame shi.

A lura da wani abu. Idan saƙo ɗaya ya zo miki daga mutum biyar, ba shaida biyar kika samu ba, shaida ɗaya ce ta zagayo sau biyar. WhatsApp yana sa alamar kibiya biyu a saman saƙon da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu. Kin ga wannan alamar, ki san wanda ya turo miki bai san mafarin maganar ba.

Idan tambayarmu a kan masu saye ce, majiyar ta fi kusa. Masu sayen ƙulinki da daddawarki suna unguwarku, a makarantar yara, a tasha, a gidan biki. Tambayi goma daga cikinsu: wane ƙulli suka fi saye, na nawa, me ya sa wani lokaci suke zuwa wurin wata? In kin sa hoton kaya a sitatus, ki ƙirga waɗanda suka aiko da kuɗi, ban da waɗanda suka ce "Masha Allah". Yabo daban, ciniki daban.

4. Tambayoyi biyar ga kowane farashi

Duk farashin da ya shigo, ta waya ko ta baki, a yi masa tambayoyin nan. In ya kasa amsa ko da ɗaya, ba ya shiga littafi.

Wa ya faɗa? Mai sayarwa ne, mai saye ne, ko ɗan kallo? Da idonsa ya gani ko ji ya yi?

Yaushe? Bidiyo ba ya tsufa a waya. Na bara yana dawowa bana kamar yau aka ɗauka. A Dawanau kuwa farashin safe yana iya bambanta da na yamma. In ba a faɗi rana ba, a bar shi.

A ina? Kuɗin buhu a Dawanau daban da na Dandume ko Saminaka, daban da na Legas.

Da wane ma'auni? Buhu suna ne kawai. Wanda ake kira na kilo 100 yawanci kwano arba'in ake lissafa masa, amma akwai mai cika akwai ragagge, kuma kwanon wani gari ba ɗaya yake da namu ba. Riɗi da zoɓo a kan kilo ake maganarsu. Kullum a mayar da farashi zuwa kwanon da muke sayarwa da shi.

Wane iri? Farin wake manya daban da ƙanana, sabo daban da tsoho, tsintacce daban da mai tsakuwa. Sabuwar masara mai danshi tana da araha, amma in ta bushe za ta ragu. Sannan kuɗin da aka yi sallama ne, ko wanda mai kaya ya fara yankawa?

5. Farashin bidiyo da farashin gida

Ko labari ya tsallake tambayoyi biyar ɗin, da sauran lissafi. Lambobin nan misali ne kawai don mu koyi hanya, ranar aiki ku sa na gaskiya.

A ce an faɗa mana buhun wake naira 80,000. Mun raba da kwano 40, kowane kwano ya kama 2,000. A unguwa ana sayarwa 2,200. Da ka, sai mu ce ribar buhu 8,000 ce.

Yanzu mu sa abin da mai bidiyo bai faɗa ba:

La'adar dillali: 500
Dako: 300
Kuɗin mota zuwa gida: 1,200
Buhun adana wake mai leda biyu a ciki, irin na PICS: 2,000

Buhu ya zama 84,000. Da aka tsince aka fece, kwano ɗaya ya tafi, saura 39. An sayar a 2,200, an samu 85,800. Riba ta koma 1,800. A buhu biyar, mun sa ran 40,000, abin da zai shigo 9,000 ne, kuma ba a sa wanda zai karɓa bashi ba. Kun ga ba wanda ya yi mana ƙarya a nan. Farashin gaskiya aka faɗa, sai dai a bakin rumfa ya tsaya, bai iso gida ba.

6. Littafin farashi

Kai ba ya riƙe farashin mako shida, abin da ya fi ba shi tsoro kawai yake tunawa. Shi ya sa muke buɗe littafi. A ja layi shida a kowane shafi: rana, kaya da irinsa, kasuwa, ma'auni, farashi, wanda ya faɗa. A zaɓi mata biyu masu kula da shi, ɗaya mai waya ɗaya mai rubutu. Boko ko ajami, duk wanda ƙungiya ta fi iya karantawa. Sau biyu a mako ya isa, a rana ɗaya da lokaci ɗaya, sai a karanta a taron mako bayan an gama zubi, cikin minti biyar.

Bayan wata biyu littafin zai fara nuna hanya. Bayan shekara zai nuna zagayen da muka sani: sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, tashi a hankali zuwa tsakiyar damina, da motsin gero da wake gab da azumi. Daga nan in wani ya yi ihu a TikTok, sai mu buɗe shafi mu ga ko abin da ya saba faruwa ne a irin wannan watan.

A bayan littafin a ware shafi biyu don manyan labarai, domin akwai abubuwan da ke karya zagayen. Mun gani da idonmu. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, ya hau kan kowane buhu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 an sake rufe iyakar, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu sito a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka, mutane da yawa da suka saya da kaka suna jiran tsadar damina suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Irin waɗannan su ne labaran da suka cancanci kunnenmu, kuma a shekara ba su da yawa. Alamarsu ita ce za ki ji su a rediyo, da sunan hukumar da ta yi magana da ranar da ta yi. Darasin 2025 kuma shi ne ko littafi bai san gobe ba, Allah kaɗai ya sani. Don haka ba a zuba kuɗin akwati duka a kaya ɗaya.

7. Gyaran waya

Wannan sashen a yi shi a aikace, mai waya ta nuna wa ta kusa da ita.

A fita daga duk guruf ɗin kasuwanci da ba ya cikin majiyoyinmu. Wanda ake jin nauyin fita, kamar na dangi, a kashe masa ƙara. WhatsApp yana ba da zaɓin awa takwas, mako ɗaya, ko har abada.

A maƙale majiyoyinmu a saman jerin hira. Guda uku WhatsApp ke bari a maƙale, daidai da adadinmu.

A hana hoto da bidiyo sauka da kansu. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowane bidiyo kuɗi ne. Kiran minti biyu zuwa ga idonmu na kasuwa ya fi bidiyo ashirin araha.

A sa wa duba farashi lokaci, kamar minti goma sha biyar bayan azahar, lokacin da ciniki ya kankama. Kuɗin datar da aka kashe don aikin ƙungiya a rubuta shi cikin kuɗin da sana'a ta ci.

8. Dokoki uku da nake roƙon kowace ƙungiya ta sa a tsarinta

Ɗaya: ba a fitar da kuɗi saboda labarin waya sai majiya biyu cikin uku sun dace, kuma ɗaya daga cikinsu ta ga kayan da ido. Gani ya kori ji.

Biyu: duk saƙon da ya ce "yau kawai" ko "saura buhu kaɗan", a bar shi ya kwana. Akwatinmu makulli uku gare shi a hannun mata uku, kuma a gaban kowa ake buɗe shi. An yi haka ne don kada gaggawar mutum ɗaya ta kwashe kuɗin mutum ashirin. Kada waya ta zama makulli na huɗu mai buɗewa shi kaɗai.

Uku: ba a tura kafin alƙalami ga wanda a waya kawai aka san shi. Cinikin biri a sama ke nan. Haka duk mai alkawarin ninka kuɗi cikin kwanaki, mu tuna MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, da CBEX a Afrilun 2025. Lambar sirri ta banki, BVN, da lambobi shida da WhatsApp ke turowa, ba a ba kowa, ko ya ce daga ofishinmu yake.

Aikin rukuni (minti 25)

A kasu gida uku. Mai waya a kowane rukuni ta buɗe saƙon farashi uku na ƙarshe da suka shigo mata, ta karanta ko ta kunna. Rukuni ya yi wa kowanne tambayoyi biyar ɗin. Nawa suka tsallake? Wace tambaya ce ta fi kayar da su? Sannan a ɗauki kaya ɗaya da wata a rukunin ke sana'a da shi, a yi lissafin sashe na 5 da farashin wannan makon, a auna da kwanon da aka kawo don kowa ta ga ma'aunin da ake magana a kai.

Tambayoyin tattaunawa

Wa kika fi yarda da shi a kan farashi, kuma me zai samu in kin saya?

Mambobin da ba su da waya, wane labari suke da shi da masu waya ba su da shi?

In majiyoyinmu uku suka saɓa wa juna, me za mu yi kafin taro na gaba?

Aikin gida

Kafin mako mai zuwa ƙungiya ta kawo abu uku a rubuce: tambayarta ɗaya ta wannan zangon, majiyoyinta uku, da sunayen mata biyu masu riƙe littafi. Shafin farko ya zo da farashi biyu aƙalla, kowanne da ranarsa da ma'auninsa. Da shi za mu buɗe darasi na bakwai, kan yadda ake yanka wa kaya farashin sayarwa. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare mana dukiyarmu.